Renon Gizo-gizo Mai Tsalle a Zafin Sakkwato

Macen gizo-gizo mai tsalle da aka kamo a bango, in dai ta gama girma, gara a ɗauke ta a matsayin mai ciki tun ranar farko. Tana da wata 'yar jaka a cikinta inda take ajiye maniyyin namiji bayan barbara, ya yi watanni bai lalace ba, sai lokacin da ta shirya sannan ta saki ƙwai. Saboda haka kana iya riƙe ta ita kaɗai cikin kwalba, ba namiji ko kusa, wata safiya ka tarar ta rufe kanta cikin farar saƙa tana tsaron ƙwai. Haka ta faru a gidanmu a Mabera cikin bazarar da ta wuce.

Babban ɗana, ɗan firamare, shi ya kamo ta. Ya kifa mata kofin roba a bangon baranda, ƙarƙashin ƙwan lantarki inda ƙwari ke taruwa, ya zura takarda ta ƙasa, ya kawo mini yana murna. Tsawonta ya kai santimita 1 ko ya ɗan ɗara. Launinta ƙasa-ƙasa, da zane mai haske a tsakiyar bayanta, da ɗigo biyu farare kusa da ƙarshen cikinta. Waɗannan alamomin macen Plexippus paykulli ne, jinsin da ya saba zama da mutane a gidajen ƙasashe masu zafi, wanda wani masani Bafaranshe mai suna Audouin ya fara bayaninsa a 1826. Namijinsa baƙi ne da farin layi a tsakiyar baya da gefe-gefe, kuma duk wanda ya taɓa zama a tsakar gida da hantsi ya gan shi yana sanɗar ƙuda. Akwai wani ɗan'uwansa mai ruwan toka da jiki a baje, Menemerus bivittatus, shi ma a bango yake yini. Danginsu gaba ɗaya, Salticidae, sun haura jinsi 6,000, kuma babu dangin gizo-gizo da ya kai su yawa.

Hanyar da ta fi sauƙi wajen bambance mace da namiji ita ce a dubi 'yan hannuwan nan biyu da ke gefen baki. Na namijin da ya balaga suna da kumburi a ƙarshe, kamar dunƙulen ɗan dambe da aka naɗe wa hannu. Na mace sirara ne masu gashi. Tamu sirara gare ta, ga ciki ya yi tim.

Inna ce ta fara tayar da magana. Tana ganin yaro da kofi ta ce, "Kai, mi kaka yi da tautau cikin gida? Ku hidda shi tun bai zuba ma ɗiyan ga ƙuraje ba." Na ce, "Inna, wanga bai cuta, ƙuda da sauro shika ci." Gaskiya ce na gaya mata. Wannan jinsi ba ya cizon mutum sai an matse shi, in ma ya ciza ba ya wuce ɗan ƙaiƙayi. Yawancin tabon nan mai kama da ƙuna da ake ɗora wa tautau da damina, aikin wani ɗan ƙwaro ne dogo mai ja da baƙi da ke zuwa wurin fitila. In aka murje shi a jiki, ruwan cikinsa ne ke saɓe fata. Inna ba ta yi musu ba, sai ta ɓullo ta inda ban zata ba. Ta ce, "To in kun tsare shi ku ba shi ci da sha. Ka dai san abin da ya samu matar da ta ɗaure mussa." Hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim take nufi, na matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare, ba ta ciyar da ita ba kuma ba ta sake ta ta nemi abinci ba. Daga nan abin ya tashi daga wasan yara ya zama nauyi a wuyana.

Ɗakin da na yi mata ba wani kuɗi ya ci ba. Na karɓo wata robar alewa mai garai-garai wurin mai shagon unguwa, na wanke ta da ruwa zalla har warin sukari ya fita, na shanya. Abu ɗaya da ya kamata kowa ya sani tun farko: a kife robar, murfi ya koma ƙasa. Gizo-gizo mai tsalle a can sama yake saƙa 'yar jakar da yake kwana ciki, nan yake saɓa, nan mace take ƙwai. In murfin yana sama, duk buɗewa sai ka yaga mata gida. Da na kife, sai ya zama ta ƙasa nake sa abinci, ta ƙasa nake kwashe ƙazanta, saman kuma nata ne.

Na yanke tagogi biyu a gefe da gefe don iska ta riƙa ratsawa. Da farko gidan sauro ya zo mini a rai, amma ramukansa sun yi wa jarirai faɗi, ta nan za su sulale. Ƙyallen da maiɗakina ke tace gasara da shi na yanka na manna, na bar gam ɗin ya bushe sarai kafin a sa ta. A ciki na jingina ɓawon itacen dogonyaro da guntun karan dawa da busasshen ganye. Ban zuba ƙasa ba, takarda mai laushi na shimfiɗa a kan murfin, mai sauƙin canzawa.

Masu kiwon irin wannan gizo-gizo a Turai da Amurka damuwarsu sanyi ce, har na'urar ɗumama ɗaki suke sa masa. Mu a nan ba haka ba ne. A Afrilu da Mayu zafin Sakkwato yakan haura digiri 40, iska kuma a bushe ƙayau. A waje, in rana ta take, tana da tsagar bango ko bayan ƙyaure da za ta shige. A cikin roba ba ta da wurin gudu. Robar da aka bari a bakin taga rana ta doke ta, ba a daɗe ba za a tarar da gawa. Ga shi kuma tana bukatar haske, domin da ido take farauta, da rana take yi, ba ta kafa tarkon yana kamar sauran. A nan gizo ke saƙar: haske ba rana ba, sanyi ba jiƙa ba.

Gindin randa ya raba gardama. Randar Inna tana wata kusurwa ta baranda inda haske ke shiga amma rana ba ta sauka, kuma ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana sanyaya wurin, ya ɗan ba iska laima. Na ɗora robar kan wata 'yar kujera kusa da ita. Ranakun da zafi ya yi tsanani nakan jiƙa tsohon buhun algarara in rataya a bayan kujerar, ba a kan robar ba. Sai dai inda danshi yake, nan kiyashi ke zuwa, kuma kiyashi in suka samu hanya sai su cinye ƙwai su kashe uwar. Na yi musu dabarar da ake yi wa zuma: faranti mai ɗan zurfi da ruwa, a kife ƙaramin kwano a tsakiya, a ɗora robar a kai. Kullum sai an duba ruwan, don a wannan yanayi kafin magariba ya kusa ƙafewa.

Maganin sauro shi ne ɗaya abin da ya sa na kafa doka a gida. Na feshi, da na kunnawa, da fiya-fiya, duk abin da ke kashe sauro yana kashe ta, ko da ƙamshinsa ne ya ratsa ƙyallen. Na ce ba a fesa komai a baranda, in za a yi wa ɗakuna a rufe ƙofa. Ƙudan da aka tsinta yana magagi a ɗakin da aka fesa ma ba a ba ta.

Shan ruwanta ɗan kaɗan ne. Nakan tsoma tsohon buroshin haƙori a ruwa in karta shi da yatsa, 'yan ɗigo ƙanana su sauka a bangon robar ta ciki, gefen da babu saƙarta. Ba a sa mata kwanon ruwa. Huhunta a ƙarƙashin ciki yake, in ta faɗa ruwa ko babban ɗigo ya manne mata a nan, numfashi ya tsaya. Na ƙara da ɗan dunƙulen auduga mai laima a ƙasa, ina canza shi kafin ya fara fumfuna.

Abinci kuwa yara suka ɗauke mini. Ƙudan gida da ƙananan malam-buɗe-littafin dare da ke zuwa wurin ƙwan lantarki su ne cimarta. Girman abin da za a ba ta kada ya wuce girman jikinta, ido ba mudu ba ya san kima. Ba a sa tururuwa, ba a sa cinnaka, gyare ma in ya yi girma yana iya juyowa ya cije ta. Kallon farautarta shi ne ladan wahalar. Idanu takwas gare ta. Na gefe su ke hango motsi kusan ta kowace fuska, da sun hango sai ta juyo gaba ɗaya ta kafa wa abin manyan nan biyu na gaba. Waɗannan ba sa juyawa daga waje, can ciki suke motsi, shi ya sa in ka matso da kyau za ka ga launinsu na sauyawa daga baƙi zuwa ruwan zuma. Sai ta fara sanɗa, taku ɗaya ta tsaya, ta lafe, ta manna zaren tsaro a inda take tsaye. Tsallen ba a ganinsa. Ka dai ga ƙuda yana wanke hannu, sai ka gan shi a bakinta. Ba wata tsoka mai kauri ce a ƙafafunta ba, jini take turawa da ƙarfi cikin na baya su miƙe lokaci guda. In ta kuskure, ta yi lilo a jikin zaren ta hau ta sake.

A makon farko ta ci kamar ba gobe. Daga baya ta daina kula ƙuda, ko ya sauka kusa da ita sai ta kau da kai. Ta koma can saman robar, tsakanin ɓawon dogonyaro da bango, ta shiga saƙa. Jakar kwananta ta da siririya ce, ana hango ta ciki. Wannan kuwa ta yi ta ninka ta har ta zama fara fat, mai kauri, faɗinta ya kusa santimita 3. Ƙaramin da bai gama girma ba shi ma yakan rufe kansa haka in zai saɓa, amma wanda ya balaga ya gama saɓa ke nan har mutuwa. Mace babba mai cikakken ciki in ta yi irin wannan rufi, ƙwai ne.

Na tabbatar da dare, da fitilar waya. Na haska ta bayan robar na ɗan lokaci, sai ga inuwar wani ɗan tuli mai ruwan ƙwai-ƙwai a tsakiyar saƙar, ƙananan ƙwallaye manne da juna, ita kuma tana kwance a kai ta baje ƙafafu. Cikinta ya saɓule, ya koma kusan rabin yadda yake. Wannan jinsi yakan zuba ƙwai 35 zuwa 60 a zubi ɗaya, uwar kuma ta tsare su mako uku zuwa huɗu har 'ya'yan su watse.

Wannan zangon shi ya fi wuya, don aikinsa shi ne kada a yi komai. Ɗana yakan zo da safe ya ce, "Baba, ko ta mutu? Mu buɗe mu gani." In ce masa a'a. Ba a girgiza robar, ba a sauya mata wuri, ba a taɓa saƙar da tsinke, ba a fesa mata ruwa kai tsaye. Fitilar ma na hana, sai jefi-jefi ni da kaina. Uwar da aka dama tana iya barin ƙwan ko ta cinye su. Haka ma ƙwan da ba su da ɗa ciki, sukan bushe ko su yi fumfuna, ta cinye ko ta fita ta bar su. Wannan ba laifin mai riƙo ba ne. Abin da na ci gaba da yi shi ne ɗigon ruwa a bango. Wani lokaci da sassafe takan fito a rame, ta sha, ta koma. In na ga ta fito tana zagaye, sai in sa ƙaramin ƙuda ɗaya. In ya yini ba ta taɓa shi ba, in fitar da shi. A ganina masu cusa wa uwa abinci a wannan hali don tausayi, kansu suke kwantar wa hankali, ita takura ce gare ta.

Ban zauna haka nan ba dai. Jarirai in sun fito abinci za su nema, kuma ƙudan gida ya fi ƙarfinsu nesa. Abincinsu shi ne ƙananan ƙudajen nan masu jajayen idanu da ke taruwa kan 'ya'yan itacen da suka fara ruɓa. Lokacin mangwaro ne, ba su yi wuyar samu ba. Na zuba ɓawon mangwaro da guntun ayaba a kwalba na ajiye a inuwa a buɗe, da suka taru na ɗaure bakin da ƙyalle. A yanayi mai ɗumi, daga ƙwai zuwa ƙuda mai fiffike kwana 10 ne ko ƙasa da haka, don haka wanda ya fara tun uwar na kwanci ba zai rasa ba. Kwalbar na da tsami, maiɗakina ta kore ta zuwa bayan kicin, kuma tana da gaskiya. Wajen juye su, in aka sa kwalbar cikin kula mai ƙanƙara na 'yan mintoci sai su yi lakwas, a karkaɗa su cikin robar kafin su farfaɗo.

Ƙyanƙyasar ba a ganinta daga waje. Abin da na lura shi ne tulin ya daina zama ƙwallaye, ya koma wani abu mai ƙafafu da ke motsi a hankali. A wannan mataki fatarsu fara ce, ba sa gani sosai, ba sa cin komai, ragowar gwaiduwar da ke cikinsu ce ke riƙe su. Sai sun yi saɓar farko a cikin gidan, jikinsu ya yi duhu, idanu suka fito, sannan su fara leƙowa. Hadarin farko na damina ya riga ya sauka lokacin da na ga na farkonsu a bakin saƙar. Tsawonsa bai wuce milimita 2 ba, amma komai na uwar yana da shi. Na matso da yatsa ta wajen robar, ya juyo ya kafa mini ido, ya ɗaga 'yan hannuwansa, ya yi wani ɗan tsalle gefe. Inna da ta ce a fitar da tautau, ita ce ta aika a ɗauko mata tabarau.

Cikin 'yan kwanaki bangon robar ya cika da su, zare ko'ina. A nan na ƙara rage girman ɗigon ruwa, don wanda uwa za ta sha lafiya yana iya haɗiye jariri. Audugar ta fi musu aminci. Na ga guda ya kama ƙudan mangwaro da ya kusa fin shi girma, ƙudan na jan sa shi kuma ya ƙi saki.

Ba na ba kowa shawarar ya riƙe su duka. Da sun fara farauta, wanda ya fi girma yakan ci ƙaninsa, kuma raba jarirai masu yawa haka kowa da robarsa, kowa da ƙudansa da ruwansa, aiki ne da ya fi ƙarfin mai zuwa wurin aiki. Tun da 'yan ƙasa ne, daga bangon gidan nan uwarsu ta fito, sakinsu ba ya ɓata komai. Da baƙon jinsi ne da aka sayo daga wata ƙasa, da ba a sake shi. Na zaɓi safiya bayan an kwana da ruwa, ƙasa ta yi sanyi, ƙananan ƙwari sun yawaita. Na ɗauki robar zuwa bayan gida inda zogale da lalle suke, na duba babu layin kiyashi, na cire murfin na jingina ta a reshe. Wasu suka bi ganye. Wasu suka hau can ƙarshen tsinke, suka ɗaga ciki sama suka saki zare, iska ta ɗauke su. Haka suke yaɗuwa. Na san mafi yawansu ba za su kai girma ba. Tsaka na jiransu, ƙadangare na jira, ga zanzaro da ke sumar da gizo-gizo ya cusa a ɗakinsa na laka don tsutsarsa ta samu abinci. Yawan ƙwan dama saboda haka ne.

Uwar na riƙe ta na ɗan lokaci don ta murmure. Ta ci ƙuda da kyau, ciki ya dawo, ba a jima ba ta sake rufe kanta ta yi zubi na biyu, wanda bai kai na farko yawa ba. Da waɗannan suka watse na lura tsufa ya kama ta: ta fara zamewa a jikin roba, don gashin tafin ƙafarta da ke riƙe wuri mai santsi ya cinye, kuma ba ta da sauran saɓar da za ta sabunta shi. Rayuwarsu dama ba ta cika wuce shekara ɗaya zuwa biyu ba. Na manna mata ƙyalle a bango ta ciki don ta samu abin kamawa, na riƙa ba ta ƙudan da aka ɗan sanyaya.

Jarirai biyu muka bari, kowanne da ƙaramar robarsa a gindin randa. Yaran maƙwabta sun yi ta sallama suna cewa, "Malam, a ba mu guda." Sharaɗin da na gindaya musu shi ne kowa ya fara kawo mini kwalbarsa ta ƙudan mangwaro da ya haɗa da hannunsa, in ga tsutsa na motsi a ciki, kuma ya zo da izinin mahaifiyarsa cewa ba za a fesa magani a inda zai ajiye ba. Yarinya ɗaya ce ta cika sharaɗin, ita aka ba ɗaya daga cikin biyun.